Tallafi Mai Wa'adi, Amana Marar Wa'adi: Jagorar Kare Fili Ga Ƙaramar Ƙungiya a Amurka

Ranar sa hannu kowa murna yake yi. Mai gona ya zo da 'ya'yansa, lauya ya jera takardu a tebur, wakilin masu ba da tallafi ya miƙa hannu an gaisa, an ɗauki hoto. Bayan shekara ɗaya ko biyu kuɗin tallafin ya ƙare, an rufe fayil. Amma alƙawarin da ƙungiya ta ɗauka a takardar nan ba shi da ranar ƙarewa, don abin da aka rubuta shi ne za a kare filin har abada. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita nake so duk mai shiga wannan aiki ya riƙe a ransa tun daga matakin farko, domin a nan ƙananan ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, ƙungiyar amanar fili ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba. Mutanen wani yanki ne ke kafa ta don kada gonaki, dazuzzuka, dausayi da bakin koguna su koma rukunin gidaje da kantuna. Abin ya daɗe a Amurka. Tun 1891 aka kafa The Trustees of Reservations a jihar Massachusetts bisa shawarar Charles Eliot, masanin tsara lambuna da filaye. A 1982 aka kafa uwar ƙungiyoyin, wadda yau ake kira Land Trust Alliance, kuma ƙidayarta ta 2020 ta nuna sun kare eka miliyan 61 a faɗin ƙasar. Da yawansu ƙanana ne ƙwarai, wasu ma babu mai albashi ko ɗaya a cikinsu, 'yan sa-kai ne ke jan ragama.

Hanya biyu ake bi. Ko dai ƙungiya ta mallaki filin kacokam, da saye ko da kyauta, ko kuma ta ƙulla yarjejeniyar kariya da mai shi. A ta biyun, fili yana nan a hannun mai shi: ya noma, ya yi kiwo, ya sayar, ya bar wa magada. Abin da ya sallama shi ne 'yancin yanka filin fuloti-fuloti ko cika shi da gine-gine. Ana rubuta wannan sharaɗi a ofishin rajistar filaye na gunduma, ya manne wa filin, duk wanda ya saya nan gaba da sharaɗin ya saya. Ƙungiya kuwa ita ce mai gadin sharaɗin.

Ku fara da gyara gida

Da wuya mai ba da tallafi ya saurare ku kafin ku zama ƙungiyar agaji da hukumar harajin tarayya, IRS, ta amince da ita ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Sai kwamitin amintattu mai zama a kan kari yana rubuta abin da ya zartar, da asusun banki mai tsabta, da rubutacciyar ƙa'ida a kan abin da za a yi idan wani a kwamitin yana da hannu a filin da ake magana a kai. Wannan ta ƙarshen kada ku raina ta. A ƙaramin gari, mai filin da kuke so sau da yawa surukin wani ne a kwamiti, ko maƙwabcinsa. Wanda abin ya shafa ya fita daga ɗakin lokacin tattaunawa da ƙuri'a, a kuma rubuta cewa ya fita.

Ku karɓi kundin ƙa'idojin aiki na Land Trust Alliance, wanda aka sabunta a 2017, kwamiti ya zartar da bin sa. Akwai kuma hukumar tantancewa da aka kafa a 2006, mai ba ƙungiyoyin da suka cika sharuɗɗa hatimin amincewa. Neman hatimin aiki ne mai cin lokaci, amma masu ba da tallafi suna kallon sa.

Idan kuna hangen kuɗin tarayya, ku yi rajista a shafin SAM.gov ku karɓi lambar shaida. Kyauta ce, duk wanda ya ce ku biya shi don ya yi muku ɗan tsakani ne. Ana sabunta ta kowace shekara, kuma tantancewar kan ɗauki makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya: na san ƙungiyar da ta gama rubuta takardar nema tsaf, saura kwana uku a rufe, ta tarar rajistarta ta mutu tun watanni. Shekara guda suka yi asara.

Zaɓen fili, da koyon cewa a'a

Ku zauna da taswira ku rubuta irin filin da kuke nema da dalili. Ruwan shan gari kuke son karewa? Ƙasar noma mai kyau? Hanyar da namun daji ke bi tsakanin dazuzzuka biyu? Dokar haraji ta tarayya, a sashe na 170(h), ta amince da dalilai huɗu: wurin shaƙatawa ko ilimi ga jama'a, mazaunin dabbobi da tsirrai, buɗaɗɗen fili irin gona da daji mai amfani ga al'umma, da wuraren tarihi. Filin da bai shiga ko ɗaya ba, ku bar shi.

Za a kawo muku tayin kyauta. Wani zai ce ga eka uku a bayan gidansa, ku karɓa. Kafin ku yi godiya, ku je ku taka wurin da ƙafa. Akwai hanyar shiga? Maƙwabta nawa ne suka kewaye shi? Fili mai maƙwabta goma sha biyu yana da ƙofar rigima goma sha biyu. Akwai tsohon juji, ko dam mai neman gyara? Ƙaramin fili kan ci lokacin kula kamar babba, wani sa'in fiye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙin karɓa cikin ladabi, da nuna wa mutum wata ƙungiyar da ta fi dacewa da filinsa, shi ma aikin amana ne.

Zama da mai fili

Wannan mataki ba a gaggawa a cikinsa. Mutumin da ya gaji gona daga kakansa ba zai ɗaure ta har abada don kun nuna masa takarda mai launi ba. Ku je sau uku, sau biyar, ku zaga gonar tare, ku bar shi ya yi magana. A cikin hira za ku ji abin da ke ransa: yana so 'yarsa ta sami inda za ta gina gida, yana tsoron haraji, ko bashin banki ya matsa masa. Kowanne yana da wurinsa a yarjejeniya. Ana iya keɓe kusurwa guda da aka yarda a yi gini a cikinta, a auna ta, a sa a taswira.

Ku nemi a kira magada tun da wuri. Ɗan da bai san da maganar ba sai bayan rasuwar mahaifinsa, shi ne zai ɗauki lauya.

Ku gaya masa gaskiyar kuɗi. Yana iya sayar muku da yarjejeniyar a cikakken farashi, yana iya ba da ita kyauta, yana iya sayarwa da rangwame ya bar ragowar a matsayin sadaka. Wanda ya ba da kyauta yana iya rage harajinsa har zuwa kashi 50 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a shekara, manomi ko makiyayin da ya cika sharuɗɗa har kashi 100, kuma abin da ya rage ana iya tura shi gaba tsawon shekara 15. Majalisa ta mayar da wannan dindindin a 2015. Amma ku ba masu ba shi shawarar haraji ba ne. Ku rubuta masa wasiƙa cewa ya nemi lauyansa da akantansa, kuma ba ku yi masa alƙawarin ko dala ɗaya ta rangwame ba. Idan wasu 'yan kasuwa suka zo da filin da suka saya jiya suna cewa yau darajarsa ta ninka sau biyar, ku rufe ƙofa. Irin wannan cuwa-cuwa ce ta sa majalisa ta yi doka a Disamba 2022 don taƙaita rangwamen da gungun masu zuba jari ke nema, kuma ta ɓata wa masu aikin gaskiya suna ba kaɗan ba.

Lissafin har abada

Nan ne zan fi daɗewa, don shi ne matakin da ake tsallakewa. Kafin ku rubuta wa kowa takardar neman tallafi, ku ɗauki biro ku lissafa abin da filin zai ci muku kowace shekara bayan an watse daga bikin sa hannu.

A yarjejeniyar kariya, ga abin da ke ciki: awannin wanda zai je duba fili, man mota, rubuta rahoto da adana shi, amsa wasiƙun mai fili idan yana neman izinin gina rumbu ko sare itace, inshora, da kuma kason shari'ar da wata rana za ta zo. A filin da kuka mallaka, ku ƙara gyaran hanyar ƙafa, allunan sanarwa, ƙofa, kwalbati, sare bishiyar da ta karkata kan rufin maƙwabci, da harajin fili idan jiharku ba ta yafe ba.

A ce lissafinku ya nuna dala 800 a shekara. Idan kuna cire kashi 4 cikin ɗari daga asusun ajiya kowace shekara ba tare da taɓa uwar kuɗin ba, kuna bukatar dala 20,000 a ajiye domin wannan fili kaɗai. Misali ne kawai, naku lissafin zai bambanta, amma hanyar ita ce: kuɗin shekara a raba da kason da ake cirewa. Wannan adadi ku ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na farashin filin, kamar kuɗin lauya da na safiyo.

Matsalar ita ce yawancin tallafin gwamnati na saye ne ko na wani aiki mai iyaka, ba kasafai yake yarda a zuba shi a asusun kula ba. To daga ina? Ana roƙon mai fili ya ba da gudummawa, musamman idan sayar muku ya yi. Ana neman gidauniyoyi masu zaman kansu da suka fahimci abin. Ana yin gangamin neman taimako a gari, kuma a yi shi kafin sa hannu, lokacin da mutane ke ganin filin yana cikin haɗari. Bayan an kare shi zuciya ta kwanta, aljihu ya rufe. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: idan kwamiti bai san inda kuɗin kula zai fito ba, kada ya kaɗa ƙuri'ar karɓar fili.

Batun shari'a kuma, tun 2013 akwai Terrafirma, inshorar haɗin gwiwa da ƙungiyoyin suka kafa wa kansu, mai ɗaukar kuɗin lauya idan an kai ga kotu wajen kare fili. Ku shiga, amma ku san tana da nata sharuɗɗan, kuma ba ta maye gurbin asusunku.

Wa ke ba da kuɗin?

Filin ne zai nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Idan gona ce ko makiyaya, akwai shirin ACEP na ma'aikatar noma, wanda dokar noma ta 2014 ta kafa, hukumarta ta kula da albarkatun ƙasa, NRCS, ke gudanarwa. Yana biyan har rabin darajar yarjejeniyar, ya kai kashi 75 a wasu filayen ciyawa masu muhimmanci na musamman. Idan dausayi ne da tsuntsaye masu ƙaura ke sauka, akwai dokar NAWCA ta 1989 a hannun hukumar kifi da namun daji, wadda ke neman ku kawo aƙalla dala ɗaya da ba ta tarayya ba a kan kowace dalarta. Idan daji ne, shirin Forest Legacy na 1990 yana biyan har kashi 75, sai dai a nan hukumar gwamnati ce ke riƙe filin ko yarjejeniyar, ku masu haɗa ciniki ne. Asusun tarayya na kare ƙasa da ruwa, LWCF, da aka kafa da dokar 1964 kuma ake ciyar da shi daga kuɗin haƙar mai da gas a teku, ya sami tabbacin dala miliyan 900 kowace shekara tun 2020. Shi ma ta hannun hukumomin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi yake bi, don haka ku haɗa kai da su.

Ga ƙaramar ƙungiya, kuɗin jiha ya fi sauƙin kamu. Colorado tana zuba wani kaso na ribar cacar jiha a shirin GOCO tun da masu zaɓe suka amince a 1992. Maine tana da shirin Land for Maine's Future tun 1987. New York ta kafa asusun kare muhalli a 1993. A Minnesota, masu zaɓe sun ƙara wa kansu harajin saye a 2008, wani kaso na tafiya gyara da kare dausayi, daji da filin ciyawa. Ku binciki na jiharku, sannan gunduma, sannan gidauniyoyin gari.

Kusan kowane tallafi yana neman ku kawo naku kason. A ce gona ta kai dala miliyan ɗaya ba tare da sharaɗi ba, da sharaɗi kuma dala 600,000. Darajar yarjejeniyar ita ce bambancin, dala 400,000. Shirin tarayya ya ba da 200,000, jiha ta ba da 120,000, mai gona ya yafe 80,000, an haɗa. Ku kula da abu biyu. A ƙa'ida, kuɗin tarayya ba ya zama kason gida ga wani kuɗin tarayya. Kuma dalar da kuka nuna wa wannan a matsayin kasonku, ba za ku sake nuna ta ga wani shirin tarayya ba.

Kafin ku rubuta komai, ku buga wa jami'in shirin waya. Aikinsa ke nan, kuma minti goma sha biyar da shi kan hutar da ku rubutun wata guda.

Rubuta takardar nema

Ku nemi takardar da alƙalan shirin ke ba da maki da ita, ku bi ta layi-layi, ku amsa da kalmominsu. Idan maki goma na kusanci da wani fili da aka riga aka kare ne, ku sa taswira mai nuna iyakar biyun a haɗe. Ku bar kirari, ku kawo awo: eka nawa, tsawon bakin rafi nawa, wace irin ƙasa, wane tsuntsu aka gani kuma wa ya gan shi. Ku faɗi barazanar a fili, misali an riga an yanka gonar da ke gefe fuloti. Ku haɗa wasiƙar mai fili da ke nuna da yardarsa, da ta majalisar gari.

A kasafi, ku sa awannin ma'aikata yadda suke, kada ku rage don a ga kun yi arha. Ƙa'idar tarayya ta ba ƙungiyar da ba ta da nata ƙayyadadden kaso damar ƙara kashi 15 na kuɗin tafiyar da ofis, tun daga Oktoba 2024, a da kashi 10 ne. Ku nema, haƙƙinku ne. Kuma kada ku yi alƙawarin abin da ba ku iya awonsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in kun rubuta za ku dasa itace dubu biyar, ranar rahoto dubu biyar za a ƙirga.

Binciken da ke gaban sa hannu

Abu huɗu ba a tsallake su. Na farko binciken mallaka, don a san wa da wa ke da haƙƙi a filin. A nan ake gano tsohuwar hanyar bututu, ko ɗan'uwan da ke da kaso bai sani ba, ko cewa haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa yana hannun wani daban, abin da ya yawaita a jihohin mai da kwal. Idan filin na jingine a banki, sai bankin ya sa hannu cewa yarjejeniyar tana gaban bashinsa. In ba haka ba, ranar da ya ƙwace gonar sharaɗin ya tashi, mai fili ma ya rasa rangwamen harajinsa.

Na biyu safiyo. Na uku kimanta daraja ta hannun ƙwararre mai lasisi, kuma ku tambayi mai ba da tallafi wace ƙa'ida yake so a bi, domin wasu shirye-shiryen tarayya suna da tasu mai tsauri, ba kowane mai kimantawa ya iya ta ba. Na huɗu binciken gurɓata, musamman idan mallaka za ku yi. Ƙarƙashin dokar 1980 kan gurɓatattun wurare, mai fili na iya ɗaukar nauyin tsabtace dattin da bai zuba ba. Tankin mai guda da aka binne a bayan tsohon rumbu ya isa ya durƙusar da ƙaramar ƙungiya.

Waɗannan takardu suna tsufa. Idan ciniki ya ja, za a ce ku sabunta, ku sake biya. Ku jera su a kan kalandar tallafin, kada ku yi su duka tun farko don zumuɗi.

Sai kundin asali, wato rahoton yadda aka tarar da fili ranar sa hannu: taswira, bayanin kowane gini da shinge da hanya, da hotuna daga wurare masu lambar GPS, a rubuta inda kyamara ta fuskanta. Ku da mai fili ku sa hannu cewa haka abin yake. Ku rubuta shi domin mutumin da ba a haifa ba tukuna, wanda zai buɗe shi bayan shekara sittin ba tare da kowa daga cikinku yana raye ba. Kada ku ce "kusa da babbar bishiya". Bishiya tana faɗuwa.

Kashe kuɗin tallafi

Ku karanta yarjejeniyar tallafin gaba ɗaya, ku fitar da ranakun rahoto ku manna a bango. Yawanci ku ne za ku kashe naku, ku kawo rasit, a biya ku, kuma biyan kan yi jinkiri. Don haka ku tanadi abin da zai riƙe ku a tsakani. Kada kuma ku kashe ko sisi kafin ranar da yarjejeniyar ta fara aiki, sai da rubutaccen izini. Mu mun taɓa faɗawa wannan ramin. An sanar da mu ta waya cewa mun yi nasara, lokacin dashe na wucewa, muka yi odar dashen itatuwa mako biyu kafin takarda ta iso. Rasit ɗin ya dawo mana da layi ɗaya a kansa: kwanan watan ya riga na yarjejeniya. Daga asusun ƙungiya muka biya, gyaran wata gadar ƙafa ya jira har shekara ta zagayo.

Kowane tallafi ya sami lambarsa a littafin kuɗi. Ma'aikaci ya rubuta awanninsa a ranar da ya yi su. Idan shirin ya yarda a lissafa aikin 'yan sa-kai a matsayin kasonku, ku fita da takardar sa hannu kowace ranar aiki, da suna da lokacin zuwa da na tafiya. Idan kasafi na bukatar sauyi, ku nemi izini kafin ku sauya. A tsarin tarayya, rahoton ƙarshe yana shiga cikin kwana 120 bayan ƙarewar wa'adi, a ajiye takardu aƙalla shekara uku, kuma wanda ya kashe dala miliyan ɗaya na tarayya a shekara sai odita na musamman ya duba shi. Amma takardun fili kansu, yarjejeniya da safiyo da kundin asali, ba su da ranar zubarwa. Kwafi biyu, a wuri biyu, ɗaya inda wuta da ruwa ba sa kai wa.

Aikin da ke cikin fili

Tallafin gyara fili yakan zo da wa'adin shekara biyu ko uku, tsirrai kuwa ba su san wa'adi ba. Ɗauki baƙin tsirrai masu mamaya. A kudu akwai kudzu, wani tsiro mai yaɗo da aka kawo daga Japan, gwamnati da kanta ta ƙarfafa shuka shi a shekarun 1930 don hana zaizayar ƙasa, yau yana lulluɓe bishiyoyi har su mutu. A arewa maso gabas akwai wani tsiro mai kara kamar gora da ke cinye bakin rafi, wanda ɗan guntun saiwarsa ya isa ya tsiro sabo. Wanda ya sare shi ya watsar da guntayen, shuka shi ya yi. Akwai ƙaramin icce ɗan asalin Turai da ke cika ƙasan daji, in aka sare shi ba a shafa wa kututturen magani ba, ya dawo da rassa goma. Duk waɗannan sai an koma musu shekara bayan shekara.

Saboda haka ku tsara aikin daidai ƙarfin da za ku iya riƙewa bayan kuɗin ya ƙare. Eka biyar da za ku koma musu shekara bakwai sun fi eka hamsin da za a share sau ɗaya don hoto. Ku fara da wurin da mamayar ba ta yi nisa ba, ku tsare mai kyau tukuna. Dashen itace yana son kariya daga barewa, in ba haka ba abinci kuka kai musu. Filin ciyawa yana son yanka ko ƙuna da aka tsara, da ƙwararru da izinin hukuma, kuma a jinkirta yanka har tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa su fitar da 'ya'yansu. Aikin da ya taɓa rafi ko dausayi yana bukatar izini, kuma inda kuɗin tarayya ya shiga, akwai bitar muhalli da ta kayan tarihi kafin a sa shebur a ƙasa.

Ziyarar shekara-shekara

Ƙa'idar aiki ta Land Trust Alliance ta ce a duba kowane fili mai yarjejeniya aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana iya amfani da hoton sama, amma duk da haka sai an taka da ƙafa aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar. Ni dai ƙafa na fi yarda da ita, don hoton sama ba ya gaisawa da mai gona.

Ku sanar da shi kafin ku zo, ku gayyace shi ya raka ku. Ku karanta yarjejeniyar da rahoton bara a daren da ya gabata. Ku bi iyaka, don nan ɓarna ke fara shigowa. Wata kaka ina bin iyakar wani daji, na ga fentin da muka shafa a jikin bishiyoyi ya ɓace tsakanin turaku biyu, a wurin kuma ga ciyawa an yanke ta sumul, da tarin itacen wuta, da lilon yara. Maƙwabci ne ya faɗaɗa bayan gidansa kaɗan-kaɗan. Na tsaya daidai inda aka ɗauki hoton kundin asali, na ɗauki sabo, ban ce wa kowa komai ba. Mai duba fili aikinsa ya gani ya rubuta, hukunci na kwamiti ne da lauya. Da aka nuna wa mutumin hotuna biyun tare da taswirar safiyo, ya janye kayansa, har ya taya mu dasa wurin. Da an bar shi shekara goma, da ba za a rabu a tsaye a bakin shinge ba.

Yawancin saɓawa daga rashin sani take zuwa, kuma ta fi zuwa daga mai fili na biyu ko na uku, wanda bai zauna da ku ba, bai zaɓi sharaɗin ba, ya gan shi ne a cikin tarin takardun ciniki. Don haka ku sa ido a kan sauyin mallaka. Da zarar kun ji an sayar, ku aika wasiƙar maraba a makon farko, da kwafin yarjejeniyar, da taƙaitaccen bayani cikin sauƙin harshe na abin da ya halatta, abin da ke bukatar izini, da abin da aka hana. Sannan ku nemi ranar da za ku zaga filin tare, kafin ya kira mai buldoza. A wannan zagayen ku riƙe kundin asali a hannu, ku nuna masa kusurwar da aka keɓe don gini, ku ba shi lambar wayar da zai kira duk lokacin da yake shirin wani aiki. Kuna komawa ofis ku rubuta rahoton ziyarar a ranar, da kwanan wata da sa hannu, ku sa shi a fayil ɗin filin bayan na bara.